Hagun da Na Mayar Dama

Inna takan ce wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata yake yi. Muna yara mun ɗauka ɓatan kasuwa take nufi, irin wanda yaro zai saki gefen zanen uwarsa a kasuwar Yelwa, ya tsaya yana kuka tsakanin kwandunan kifi. To ni rayuwata duka tatsuniya da rana na yi. Da ita na ci, da ita na sha, da ita aka san ni. Ban taɓa ɓata a kasuwa ba. Sai da gemuna ya yi fari tas sannan na ɓata, a tsakiyar ruwa, rana tsaka, a kan wurin da aka binne cibiyata. Har yau da nake wannan rubutu ban tabbata an gan ni ba.

A gungu aka haife ni, wato tsibiri a tsakiyar kogi, tun kafin a datse ruwa ya zama tafki. Yaran yanzu sun san ruwan nan kwance, shimfiɗe kamar tabarma, sai ƙarar injin jirgi ke tsaga shi. Mu mun san shi da murya. Yana magana a jikin duwatsu, kuma kowane dutse da irin tasa maganar. Da safe abin da ke tashe mu shi ne ƙarar filafili a jikin kwale-kwale, ƙwas, ƙwas, sai tarin Inna a gindin banda, don hayaƙin kifi ya riga ya zauna mata a ƙirji. Aikina shi ne kwashe ruwa daga cikin jirgi da ɓarin ƙwarya, da tsince ƙaya daga taru, da korar shirwa daga kifin da aka shanya. Aikin Yaya, wadda ta girme ni da shekaru masu dama, shi ne tuƙi. A gungunmu mace ba ta jiran namiji ya ƙetarar da ita. Kafin yarinya ta iya daka ta iya riƙe filafili.

Akwai wata waƙa da ake koya wa kowane yaro, ta wani ɗan tarwaɗa da ruwa ya janye shi ya raba shi da uwarsa, yana tambayar hanyar gida. Ba a zaune ake yin ta ba. A cikin jirgi ake yi, ranar kasuwa, in an juyo daga gaɓa za a koma gungu. Inna na baya tana bayarwa, Yaya na gaba tana amshi, ni ina tsakiya da ɓarin ƙwaryata. Waƙar tana ambaton wurare ɗaya bayan ɗaya: wani dutse mai tsini da ake kira Kunnen Jaki, da wasu itatuwa da ake kira Kanya Biyu, da wani wuri inda ruwa ke juyawa yana haɗiye abin da ya faɗa masa, shi ne Tukunya. Akwai kuma wani wurin mai suna da Gunganci, harshen kakanninmu ta wajen Inna, wanda bakina bai taɓa iya kama shi da kyau ba. Ni a wurina waƙa ce kawai mai daɗi. Na taɓa ce wa Inna, "Ke da kin ka hana tatsuniya da rana, ga ki kina yi." Ta ce, "Wagga ba tatsuniya ba ta, Auta. Hanya ta." Na ji maganar da kunne, amma ba ta shiga ba.

Daga baya aka zo aka ce kowa ya tashi, ruwa zai zo. Aka kwashe mu zuwa tudu, aka ba mu gidaje a jere masu kama da juna, har tsofaffi suna shiga ɗakin maƙwabci da kuskure. Muka bar Baba a gungu, don ya riga ya kwanta a ƙasarsa. Muka bar ɗiyar Yaya ta fari kusa da shi, wadda ta rasu ba ta kai yaye ba. Ruwa bai zo da gudu ba kamar yadda muka zata. A hankali ya taso, yau ya ci turmi, gobe ya ci danga. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun da ya biyo baya. Duwatsun da ke magana duk sun nutse, kogin ya yi gum. Inna ta ce tun daga ranar kunnenta ya fara mutuwa, don ba shi da abin saurare.

Tudu ne ya kai ni makaranta. Karatuna bai yi nisa ba, kada wani ya ɗauka ni masani ne. Na gama firamare, na yi ɗan horon koyarwa, aka ba ni alli aka tura ni aji, daga wannan ƙauye zuwa wancan, tsakanin Yauri da Ngaski da Shanga. A ajin ne na ga abin da ya dame ni. Littattafan da ake ba yaranmu babu ruwa a cikinsu. Babu jirgi, babu taru, babu kifin da suka sani. Yaron da ya san sunan kowane kifi a tafki sai ya zauna kamar dolo a gaban takarda. Na ce bari in rubuta musu nasu. Niyyata a nan mai kyau ce, Allah shaida. Na fara da abin da na fi sani, labarin ɗan tarwaɗa.

A nan na yi abin da na yi. Da na zauna rubutawa sai waƙar ta ƙi kwanciya a takarda. Sunan nan na Gunganci ban san yadda zan rubuta shi ba, kuma, in faɗi gaskiya, kunyarsa nake ji. A lokacin ina son a ce mini malam, ba na son a ce mini ɗan gungu. Na cire shi. Na sauya jerin wuraren don ƙarshen layuka su yi daɗi a baki. Sai kuma na ga kalmar hagu a ciki. Na ce a raina, littafin yara ne, kullum muna tsawata musu kada su ci da hagu, kada su miƙa da hagu, kada su shiga masallaci da hagu, yaya zan sa su rera hagu a aji? Na soke ta na rubuta dama. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar, ina ganin na gyara tarbiyya. Ga abin da ya fito, wanda duk wanda ya yi firamare a yankin nan zai iya rera maka:

Tarwaɗa ɗan ƙarami, ina gida?
Kunnen Jaki na dama,
Kanya Biyu na gaba,
Tukunya sai ka ratsa,
Ga Inna can tana banda.

Ranar da littafin ya fito daga maɗaba'a na sa farar riga na tafi gida da shi. Da hantsi ne. Inna na zaune tana fere kifi, Yaya na jera shi a kan banda. Na buɗe na fara karantawa da muryar aji. Da na zo waƙar sai Inna ta ajiye wuƙa.

"Sake hwaɗi in ji."

Na sake.

"Auta, mi kar rubuta nan? Ka kai ɗan kihin ga cikin Tukunya. Wa ka ratsa Tukunya? Ko ubanka bai ratsa ta ba."

Na yi dariya. Wannan dariyar ita ce ta fi ci mini rai yanzu. Na ce, "Inna, ai ruwa ya ci Tukunyar da Kunnen Jakin duka. Ba mai bin hanyar nan kuma. Waƙa ce kawai ta yara."

"Zamna in ba ka ita daidai, ka gyara takardarka."

"An riga an buga, Inna. Amma zan dawo da biro in rubuta taki daban."

Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da fira. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kihi na ganinka, mai jar koma." Yaya ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Malam ya yi karatu har ya hi ruwa sanin hanya."

Ban dawo da biron ba. Na dawo sau da yawa, da goro, da atamfa, da maganin tari, amma ban dawo da biro ba. Kullum ina cewa sai an yi hutu. Inna ta rasu a wata damina, ina can ina koyar da wasu malamai yadda ake karanta wa yara labari.

Littafin kuwa ya tafi. Bayansa na rubuta wasu da yawa, na kada, na tsuntsayen bakin ruwa, na yarinyar da ta koyi saƙa gurar kamun kifi. Aka riƙa kirana gidan rediyo ina karanta wa yara da safiyar Asabar. Sunana na yanka ya ɓace, kowa sai Malam Tarwaɗa. Na ga yaran da ba sa buɗe baki a aji sun buɗe saboda ɗan kifin nan. Na ga waɗanda suka koyi haɗa baƙi a kansa sun zama malamai da ma'aikatan asibiti. Wannan shi ne abin da ke rikita ni. Da a ce aikin banza na yi, da tubana ya zo da sauƙi. Amma aikin ya yi amfani, kuma a kan karkatacciyar hanya na gina shi. A bangon littafin sunana ne kaɗai. Na Inna ba ya ko'ina, sai a layin ƙarshe inda take banda.

Bara, gab da faɗuwar damina, lokacin da ruwan tafki ke ja da baya har kawunan duwatsu su fito, Yaya ta aiko a kira ni. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi hazo, tana kiran jikokinta da sunan 'ya'yanta. Amma ranar hankalinta garau yake. Ta ce, "Auta, ka kai ni gungu. Ba ni son in tahi ban yi ma Baba da ɗiyata sallama ba. An ce ruwa ya janye bana." Na ce mata ai ba abin da za a gani. Ta ce, "Ni da ba ni gani, mi ad damuwata da gani? Ka kai ni bisa wurin kawai."

Na je Warra na sami Bawa mai jirgi, wanda na koyar a aji biyu, yanzu shi ma da furfura a gemunsa. Da na gaya masa sai ya buga ƙirji. "Malam, wannan ai ba aiki ba ne. Wa bai san Kunnen Jaki ba? Kullum nan muke zuba taru. Hanyar ma ai kai ka koya mana." Na ji sanyi a raina, na ce ashe sunayen ba su mutu ba.

Muka tashi da safe, mu uku. Yaya na tsakiya a kan tabarma, ta rufe kai da mayafi saboda iska. Inji na ta ƙara, ba mai jin maganar wani. Bayan tafiya mai nisa Bawa ya rage wuta, ya nuna wani baƙin dutse da ya fito daga ruwa. "Ga Kunnen Jaki, Gwaggo. Sai mu bar shi a dama, kamar yadda yake a littafi."

Yaya ta ce a matsa da ita. Ta miƙa hannu ta shafa dutsen, ta shafa, ta shafa. Ta ce, "Wanga ba shi na ba. Wanga ko kunnen kusu bai kai ba. Kai Bawa, wa yab ba shi sunan ga?"

Bawa ya sosa ƙeya. "To, Gwaggo, mu dai mun taso mun ji sunan a waƙa, muka ga dutse mai tsini, muka ce shi ne. Ga Kanya Biyu can ma, inda kututture ke yaga mana taru. Tukunya kuma tana wajen can."

"Tukunya yamma? Tun yaushe ta yi ƙaura?"

A nan na gane. Ashe ba sunayen ne suka rayu ba. Yaran da na koyar ne suka girma suka zama masunta, suka ɗauki sunayen daga littafina, suka liƙa wa duwatsun da suka tarar, a jerin da na tsara don daɗin baki. Na ɗauka na ɓata waƙa ce kawai. Ashe tafkin duka na rubuta wa ƙarya.

Bawa ya juyo gare ni. "Malam, to ina muka nufa?" Na duba gabas, ruwa. Na duba yamma, ruwa. Na rufe ido ina neman muryar Inna, sai muryata nake ji, ta rediyo. Na san na mayar da hagu dama, amma a wane layi? Kunnen Jaki ne ke hagu, ko Kanya Biyu? Tukunya ce ta fara zuwa, ko ita ce ta ƙarshe? Na rera tawa sau dubbai, ta Inna kuwa tun ina yaro rabona da ita. Na ce, "Yaya, ki yi mana ta Inna."

Ta gyara zama ta fara. Tarwaɗa ɗan ƙarami, ina gida. Kunnen Jaki na dama. Kanya Biyu na gaba. Tawa ce, kalma da kalma. 'Ya'yanta sun kawo mata ita daga makaranta, jikokinta sun kawo mata, rediyo ya kawo mata, har ta danne ta asali a bakinta. Ta tsaya da kanta, ta ce, "A'a. Ba haka ta ba." Ta sake farawa, ta sake faɗawa cikin tawa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba.

Can sai ta ce, "Kashe abin ga mai ihu. Ba a yin ta da hannu wofi. Ba ni hilahili."

Bawa ya ce, "Gwaggo, jirgin nan ya fi ƙarfinki."

"Na tuƙa jirgi uwarka ba ta yi haƙori ba. Miƙo."

Ya kashe inji ya miƙa mata, shi ma ya ɗauki wani ya koma baya. Ya mai da mu wata 'yar gaɓa da ta ce ƙamshin ƙasarta ya yi mata kama da tsohuwar mashigar kasuwa, daga nan ta sa filafili a ruwa. Ƙwas. Ƙwas. Rabona da jin wannan ƙarar a cikin shiru har na manta. Ta fara waƙar, tawa dai, amma sai na ga wani abu. Da bakinta ya ce "na dama", hannunta ya ɗaga filafilin ya ƙetara da shi hagu. Ba ta ma san ta yi ba. Bakin nawa ne, hannun na Inna. Na yi wa Bawa alama ya bi hannunta, kada ya bi bakinta. Bayan Kanya Biyu kuma sai ta yi shiru, ta ja ruwa sau biyu ba kalma, sannan ta ci gaba. Ta maimaita waƙar, ta sake yin shirun a daidai wurin. Gurbin sunan nan ne da na cire. Sunan ya tafi, amma hannunta bai yarda a rufe wurinsa ba.

Haka muka yi ta tafiya, tana waƙa tana hutawa, Bawa na bin ta, rana na dukanmu. Ban san tsawon lokacin ba. Can ta ɗora filafilin a cinya ta ce, "Nan na." Ba dutse, ba kututture, ruwa ne kawai kamar ko'ina. Bawa ya zura gora, sai ta taɓa ƙasa, ruwan bai wuce ƙirjin mutum ba. Ya dube ni, na dube shi. Tsibiran da suka nutse a wannan yanki suna da yawa, kowanne gora za ta taɓa.

Na ce, "Yaya, kin tabbata?"

"Kai da kab buga naka a takarda, ka tabbata?"

Ta ɗaga hannu ta yi wa Baba addu'a, ta yi wa yarinyar, ta kira ta da sunan da na manta tana da shi. Muka shafa. Ta ɗebi ruwan ta wanke fuska. Ni kuma na kasa riƙe abin da ke cikina, na ce, "Yaya, ki yafe mini. Ni na ɓata hanyar nan. Inna ta ce in zauna ta ba ni daidai, na ƙi."

Ta share fuska da mayafi. Sannan ta ce, "Ni mi zan yahe maka? Jikokina da waƙarka sunka koyi karatu. Wadda za ka roƙa tana tudu, waɗanda kab ɓatar ma hanya suna ƙasa. In nan na, sun ji ka. In ba nan na ba, ruwa guda na, ya kai musu."

A hanyar dawowa na ce wa Bawa aƙalla yanzu na san layin da zan gyara, Kunnen Jaki na hagu ne. Ya ce, "Malam, kada ka ce na yi maka rashin kunya. Amma in mutum ya tuƙa ta hagu, jirgi dama yake juyawa. To dutsen ne ke hagu, ko filafilin?" Na waiwaya in tambayi Yaya, ta yi barci a kan tabarma. Washegari da na je ba ta gane ni ba, ta ɗauka mai sayen kifi ne. Kafin ruwa ya sake cika ta rasu.

An nemi a sake buga littafin. Na zauna da biro, wanda ya kamata in ɗauka tun Inna na da rai, na kasa soke dama, na kasa rubuta hagu. Abu biyu kawai na iya. Na sa sunan Inna a bango, sama da nawa. Bayan Kanya Biyu kuma na bar layi ɗaya fari. Mai maɗaba'a ya kira ni ya ce an yi kuskure a shafi, na ce ya bar shi, kuskuren ya girme shi.

Kwanan baya wata malama ta gayyace ni ajinta a Yelwa. Yara suka miƙe suka rera mini, da ƙarfi, da murna. Da suka zo farin layin sai suka yi tsit na ɗan lokaci, kamar yadda ta koya musu, sannan suka ci gaba. Da suka gama wata yarinya mai giɓi ta ɗaga hannu ta ce, "Malam Tarwaɗa, to shi ɗan kifin ya kai gida?"

Shekara da shekaru ina amsa wannan tambaya da e, ba tare da na yi tunani ba. Ranar na duba tagar ajin, rana ta take, ga tafkin can yana ƙyalli. Na ce mata, "Gora dai ta taɓa ƙasa, 'yata. Iyakar abin da na sani ke nan."